Baƙuwa Mai Littafi da Biro: Abin da Ya Kamata Uwargida Ta Sani

    

Yau zancenmu a kan wata baƙuwa ne, wadda wasunku sun taɓa gani, wasu kuma tana nan tafe. Budurwa ce ko matashiyar matar aure, da hijabinta da jakarta, riƙe da littafi da biro. Za ta yi sallama ta ce ita ɗaliba ce, makaranta ta turo ta ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ko wani asibiti, ko wata ƙungiya, don ta sami horon sanin makamar aiki, kuma tana son ta ɗan tattauna da matan gida. Wasu matan sukan ɗauka rabon kuɗi aka zo yi, sai su yi ta zuba kamar kanya. Wasu kuma sukan ɗauka 'yar leƙen asiri ce, su ja bakinsu su tsuke. Duka biyun, rashin sanin aikin yarinyar ne ya jawo.

To ki sani, uwargida, akwai abubuwan da aka koya wa wannan yarinya a aji, aka ce lalle sai ta nuna su a aikace, kuma a kansu za a ba ta maki. A tsakar gidanki za ta yi wannan jarrabawa. In kin san abubuwan nan, kin sami mudun da za ki auna ta da shi, ki gane wadda za ki shimfiɗa wa tabarma da wadda za ki sallama tun daga bakin ƙofa.

Bari mu fara da shi kansa aikin. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, wadda a bakin mutane ake cewa 'yar walfiya, aikinta shi ne ta zauna da mutumin da al'amura suka cushe masa, su warware tare, ta kuma haɗa shi da inda zai sami taimako. Matar da aka saka aka bar ta da yara ba ci ba sha, yaron da ya faɗa shaye-shaye, jaririn da aka tsinta, majinyacin da aka rubuta wa magani ba shi da kuɗin saye, tsohuwar da ba ta da mai duba ta, kurman yaron da aka ajiye a gida ba makaranta, duk waɗannan nata ne.

Taimakon mabuƙaci dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ga zakka, ga sadaka, ga zumunci. Bin mata har inda suke don a amfane su ma ba yau aka fara ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa amintattun mata da ake kira jaji, suna kai karatu ga matan ƙauyuka. Abin da ya zo daga baya shi ne mayar da taimakon ya zama sana'ar da ake karantawa a makaranta, kuma wannan a Ingila da Amurka ya faro. A 1869 aka kafa wata ƙungiya a birnin Landan, mai tura masu ziyara gidajen talakawa su ga halin da ake ciki kafin a ba da taimako. A 1917 wata Ba'amurkiya mai suna Mary Richmond ta fitar da littafin da ya tsara yadda mai ziyara za ta tattara bayani ta auna shi kafin ta ba da shawara. A Nijeriya kuwa, gwamnatin Turawa ta soma aikin a Legas lokacin yaƙin duniya na biyu, saboda yaran da ke gararamba a titi, har aka yi dokar yara da matasa a 1943. Jami'ar Nsukka ta fara koyar da shi a 1976. A nan Arewa, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna na cikin wuraren da ake horar da irin waɗannan ma'aikata. Sannan akwai dokar 2022, wadda ta tanadi majalisar da za ta riƙa sa ido a kan masu wannan sana'a a ƙasa baki ɗaya.

Karatun difloma shekara 2 ne, na digiri kuma 4, amma ko wanne aka yi, ba ya cika sai ɗaliba ta fita ta yi aiki da mutane na makonni ko watanni. Kamar girki ne: duk yadda kika kwatanta wa yarinya tuƙin tuwo da baki, sai ta riƙe muciya da hannunta za ta iya. A wannan lokaci mutum biyu ke kanta, wato ma'aikaciyar ofishin da aka tura ta, da kuma malaminta na makaranta. Tana da littafin da take rubuta aikinta na kullum, ana dubawa ana sa hannu. Ke nan ba gaban kanta take yi ba, akwai waɗanda za su tuhume ta in ta kauce.

Abu na farko da ake son ta iya shi ne shiga gida ta ƙofa. Ɗalibar da ta san aikinta, kafin ta iso gare ki ta riga ta bi ta wurin mai unguwa da takardar ofishin da ya turo ta, an kuma sanar da masu gidaje. Addininmu ma haka ya koyar, kin san aya ta 27 a Suratun Nur a kan neman izini take, kuma sau uku ake sallama, in ba a amsa ba a juya. In ta shigo, za ta faɗi sunanta, da makarantarta, da sunan shugabarta a ofis, da abin da ya kawo ta, da abin da za a yi da amsoshinki, ta kuma nuna katin shaida ba sai kin roƙa ba. Dole ne ta faɗa miki cewa ita ɗaliba ce, kada ta bari ki ɗauka cikakkiyar ma'aikaciya ce. In ɗalibi namiji ne, iyakarsa zaure, da maigida zai yi magana, in kuma batun na mata ne ya nemi a turo mace. An koya mata ta duba lokaci, kada ta faɗo miki kina tsakiyar ɗora sanwa ko kina fama da suyar ƙuli-ƙulin sayarwa. Kina da ikon ki ce, "Ki dawo jibi, sai na shaida wa maigidan." Kina da ikon ki ce ba kya so sam, kuma wannan ba zai hana a duba ki a asibiti ko a ɗauki ɗanki a makaranta ba.

A nan sai in ja kunnenki, don akwai mazambata da ke sanya irin wannan riga. Ɗalibar gaskiya ba ta sayar da fom, ba ta karɓar kuɗin rajista, ba ruwanta da katin bankinki ko lambar sirrinsa, ko lambobin da banki ke turo miki a waya. Duk wadda ta nemi ɗaya daga cikin waɗannan, ko da ta ce tallafi za a turo miki, ki tura yaro ya kira maigida ko mai unguwa.

Na biyu, iya sauraro. Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma shi ya fi ba 'yan makaranta wuya, don sun saba wanda ya fi magana shi ke cin maki. Ana son ta zauna a tabarmar da kike zaune, ta gaishe ki yadda ya kamata, ta yi miki Hausar da kike ji ba tare da cusa Turanci ba. An koya mata yadda ake tambaya. In ta ce, "Mijinki yana ba ki kuɗin cefane?" ta saka ki a tsaka mai wuya, ko ki yi ƙarya ko ki tona wa mijinki asiri. In kuwa ta ce, "Yaya kuke yi da cefane a 'yan kwanakin nan?" ta bar miki fili ki faɗi iya abin da kika ga dama. Ana son ta san alkunya, kada ta matsa miki sai kin faɗi sunan maigida ko na ɗan fari, akwai hanyar samun wannan a takarda ko a bakin wani. In kika yi shiru, ta jira. In hawaye suka zo, ta ajiye biro. In kin gama, ta maimaita miki abin da ta fahimta, ta ce, "Haka ne, ko na ji ba daidai ba?" Kuma kada ta yi miki tambayar da ta shafi cikin ɗakinki a gaban abokiyar zama, ko uwar miji, ko facala. Wadda ta ƙware za ta nemi ku keɓe cikin dabara, ba tare da sauran sun ji an ware su ba.

Da ido ma ake sauraro. Tana hira da ke, amma ya kamata ta lura da yaron da ke gefenki, wanda ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi. Wannan alamar tamowa ce, kuma aikinta ne ta gaya miki cikin ladabi cewa a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.

Na uku, riƙon amana. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da kika gaya mata, ba na ƙawayenta ba ne, ba na mahaifiyarta ba, ba na matar maƙwabci ba. Wadda ke da haƙƙin gani ita ce shugabarta a ofis. In za ta rubuta rahoton da za ta kai makaranta, ana son ta ɓoye sunanki da duk abin da zai sa a gane gidanku. Kina iya cewa ta karanta miki abin da ta rubuta, ki gyara mata inda ta yi kuskure. Batun waya kuwa, ba ta da izinin ɗaukar hotonki, ko na 'ya'yanki, ko na ɗakinki, ko naɗar muryarki, sai da yardarki, bayan ta faɗa miki inda hoton zai je. Hoton da ya hau Facebook ko WhatsApp ya fita daga hannun kowa, ba ya dawowa. In kuma aka yi dace ɗalibar 'yar unguwarku ce, ko akwai dangantaka ko surukuta tsakaninku, ƙa'ida ita ce ta shaida wa shugabarta a canza ta da wata.

Sai dai amanar nan tana da iyaka, kuma ɗalibar kirki tun farkon zama za ta gaya miki iyakar. In ta ji ana azabtar da yaro ko ana lalata da shi, ko ran wani na cikin haɗari, ko wata na shirin halaka kanta, ba za ta iya yin shiru ba, dole ta kai wa shugabarta. Nijeriya ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2003, jihohi suka bi da nasu, jihar Kano ta sa hannu a tata a 2023. Abin da ake so shi ne ta sanar da ke cewa za ta kai maganar gaba, da wurin wanda za ta kai, don kada ki ji daga sama.

Na huɗu, kada ta yi miki hukunci, kada kuma ta yanke miki shawara. A ce ta tarar 'yarki mai shekara 10 tana talla ba ta zuwa makaranta. Wadda ba ta koyi aiki ba za ta hau wa'azi, ke kuma ki ce to, tana fita a ɗora wa yarinya faranti. Wadda ta koya za ta fara tambaya: nawa tallan ke kawowa a rana, kuma me ake yi da kuɗin? In na cefane ne, maganinsa daban. In na tarin kayan ɗaki ne, shi ma daban. Daga nan sai ku duba tare, ko za a sami mai shago a bakin layi ya riƙa karɓar kayan, ko masu saye su riƙa aikowa gida, ko adashi ya tsaya a madadin wani ɓangare. An koya mata ta fara duba abin da kike da shi kafin abin da kika rasa: sana'ar hannunki, danginki, malamar Islamiyyarku, maƙwabciyar da kuke shiri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka in rikicin aure ne. Ba hurumin ɗaliba ba ne ta ce miki "fita", ba kuma huruminta ba ne ta ce "koma ki yi ta haƙuri" alhali ana dukanki. Nata shi ne ta shimfiɗa miki hanyoyin da ake da su, wato waliyyai da manyan dangi, mai unguwa da limami, teburin sulhu na ofishin jin daɗin jama'a, Hisba a jihohin da ke da ita, sannan kotu, ta gaya miki abin da kowace hanya za ta iya jawowa, mai daɗi da marar daɗi. Zaɓi naki ne, don ke za ki kwana da shi. Kuma kada ta shiga tsakaninki da abokiyar zamanki ta ɗauki ɓangare.

Na biyar, ta san iyakar saninta, ta kuma san inda za ta tura ki. Ba ta rubuta magani, ba ta ba da fatawa, ba ta raba gado. Kalmar "ban sani ba, bari in tambayo" ba abin kunya ba ce a wannan aiki, har yabon ɗaliba ake yi a kanta. Amma ana son ta san garin da take aiki kamar tafin hannunta. Mai yoyon fitsari, ta san ana aikin gyaransa a Babbar Ruga da ke Katsina da Asibitin Murtala a Kano, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa suna warkewa. Mai taɓin hankali, ta san akwai asibitinsa a Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, maimakon a ɗaure shi da mari a ɗaki. Yaro kurma ko makaho, ta san akwai makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano. Jaririn da ba shi da takardar haihuwa, ta san Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa. In kuma, Allah Ya kiyaye, aka yi wa yarinya fyaɗe, ta san cewa maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, wato kwana uku, don haka asibiti ake fara zuwa kafin a zauna shawarar dangi. Kuma turawa ba ita ce "ki je asibiti" kawai ba. Ta gaya miki ranar da ake ganin irin matsalarki, da takardun da za a riƙa, da kuɗin da za a iya nema, ta taimaka a yi wa maigida bayani don ya ba da izinin fita, sannan ta dawo ta ji yadda aka ƙare.

Na shida, kame baki daga alkawari, da kame hannu. Alkawari kaya ne, ita kuwa ɗaliba ba ta da baitulmali. In ta ce miki, "Na rubuta sunanki, za a kawo keken ɗinki," alhali ba ta da tabbas, ta cuce ki, ta kuma ɓata wa duk wadda za ta zo bayanta. An hana ta ba ki kuɗi daga jakarta ko ta ranta a wurinki, an hana ta kawo miki atamfa ko turare ki saya, an hana ta tallar jam'iyya. Ruwan da kika ba ta za ta sha, don ƙin ruwan gida raini ne. Amma in kika ƙulla mata kuɗin mota ko turmin zane ta mayar cikin ladabi, kada ranki ya ɓaci, dokar aikinta ce. Hikimar ita ce kada mai abin bayarwa ta fi marar shi samun kulawa.

Na bakwai, iya haɗa kan mata. Wani lokaci ba don matsalar gida ɗaya aka turo ta ba, don ta unguwa ce gaba ɗaya. Za ta nemi a taru a Islamiyya ko a gidan mai unguwa, da izinin mazaje, ta tambaya: me ya fi damunku? Wataƙila ita ta zo da tunanin ajin yaƙi da jahilci, ku kuma ku ce famfon tuƙa-tuƙan da ya lalace ya fi ci muku tuwo a ƙwarya, don kuɗin ruwa na cinye ribar sana'a. To naku za a bi. Ana duba ko ta bar matar mai unguwa da masu baki su kaɗai suna magana, ko kuwa ta jawo amarya mai kunya, da bazawara, da mai naƙasa, su ma sun tofa albarkacin bakinsu. Waɗanda ba su sami fita ba, da mai jego da mai takaba, ta bi su gida ta ji nasu. Sannan shugabanci da ajiyar kuɗi su zauna a hannunku, don ita mai tafiya ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma jinkar taku ce.

Na ƙarshe, iya sallama. Tun ranar farko ya kamata ta gaya miki watan da za ta koma makaranta. In lokacin ya matso, ta zo ku duba abin da aka yi da abin da ya rage, ta faɗa miki sunan ma'aikaciyar da za ta ci gaba da maganarki da inda za a same ta. Wadda ta sa kika buɗe mata cikinki, sannan ta ɓace ba ko sai wata rana, ba ta ci wannan jarrabawa ba, ko da ta ci ta takarda.

To ke kuma fa, uwargida, mene ne naki? In kin gamsu da ita, ki gaya mata gaskiya, kada ki ƙara gishiri don a tausaya, kada kuma ki rage don kunya, domin a kan abin da kika faɗa za a ɗora shawara. In ta yi kuskuren al'ada, ki gyara mata kamar yadda za ki gyara wa ƙanwarki, koyo ta zo yi. In kuwa ta fitar da sirrinki, ko ta nemi kuɗi, ko ta ci miki mutunci, kada ki haɗiye. Sunan shugabarta da ta ba ki tun farko, ranarsa ke nan: maigida ko mai unguwa ya kai magana ofis. In ta kyauta ma, a aika a faɗa, don shi ma yana shiga rahotonta.

Sannan ki tuna, namiji iyakarsa zaure. Damuwar da ke bayan labule sai mace 'yar uwarki za ta iya isa gare ta. In Allah Ya ba ki 'ya mai haƙuri, mai kunnen sauraro, mai riƙe magana, kuma ta nuna sha'awar wannan karatu, ku zauna da mahaifinta ku duba.

 Allah Ya rufa mana asiri, Ya shirya mana zuriya, Ya bar mu da mazajenmu lafiya.